Gafarar Jama'a: Labarin John Profumo da Waɗanda Aka Bari a Baya

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Duk wanda Allah Ya ɗaukaka sunansa a duniya, ko basarake ne, ko minista, ko mawaƙi, ko ɗan wasa, ba ya rasa ranar da ƙafarsa za ta zame. Bambancinsa da sauran mutane shi ne a kan tudu yake tsaye, saboda haka in ya faɗi babu wanda ba zai gani ba. To, bayan faɗuwar fa? Wa jama'a suke yafe wa, yaushe suke yafewa, kuma me mutum yake biya kafin a sake shimfiɗa masa tabarma a cikin manya?

Don neman amsar wannan tambaya zan ɗauki misali guda daga tarihin ƙasar Ingila, watau abin fallasar da ya auka wa Ministan Yaƙinsu, John Profumo, cikin shekarar 1963. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, har yanzu in Turawan Ingila suna zancen babban mutumin da ya yi abin kunya, ya tuba, aka karɓi tubansa, sunan Profumo ne yake fara zuwa bakinsu. Ni ma ban yi musun cewa ya cancanci yabo ba, kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba. Sai dai mutum uku ne wannan guguwa ta kayar, kuma ɗaya ne tak daga cikinsu aka miƙa wa hannu ya tashi. Ina ganin tarihin bai cika ba sai an ba da labarin sauran biyun, domin a wajensu ne za a gane irin mudun da jama'a suke auna gafara da shi.

Asalinsa da ɗaukakarsa

An haifi John Profumo a birnin Landan ran 30 ga Janairu, 1915. Kakanninsa mutanen Italiya ne masu sarauta, waɗanda suka zauna Ingila suka tara dukiya mai yawa ta hanyar kamfanin inshora. Ya yi karatu a makarantar Harrow, wadda 'ya'yan manya suke shiga, daga nan ya wuce Jami'ar Oxford. Cikin watan Maris na 1940 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar 'yan mazan jiya, yana da shekara 25, duk majalisar babu yaro kamarsa. Bai yi wata uku a kan kujerar ba sai ya nuna irin zuciyarsa. Ran 8 ga Mayu, 1940, bayan sojojin Hitila sun ci na Ingila a ƙasar Norwe, yana cikin 'yan jam'iyyar gwamnati da suka jefa ƙuri'ar ƙin amincewa da shugabansu, Firayim Minista Chamberlain. Kwana biyu bayan wannan ƙuri'a Winston Churchill ya karɓi ragamar mulki.

Profumo ya yi yaƙi a Afirka ta Arewa da Italiya, har ya kai muƙamin birgediya. Ya faɗi zaɓen 1945, ya dawo majalisa a 1950. A 1954 ya auri Valerie Hobson, wata shahararriyar 'yar wasan silima, wadda ta bar sana'arta saboda auren. Daga 1957 zuwa 1958 shi ne ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen da Ingila take mulka, watau daidai lokacin da shugabanninmu na Nijeriya suke zuwa Landan taron tsara mulkin kai. A watan Yuli na 1960 Firayim Minista Harold Macmillan ya naɗa shi Ministan Yaƙi, mai kula da sha'anin sojojin ƙasa. Ga kuɗi, ga asali, ga mata ta kece raini, ga kuma tarihin jarunta a fagen fama. Duk wanda ya dube shi a lokacin zai ce gabansa ta fi bayansa yawa.

Haɗuwar da ta jawo rigima

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san sauran mutanen da suke cikin labarin. Na farko shi ne Stephen Ward, likitan tausa da gyaran ƙashi, watau irin maɗorin zamani, wanda kuma ya iya zanen fuskokin mutane. Manyan Landan da yawa wajensa suke zuwa magani, har ya taɓa zana wasu daga cikin 'yan gidan sarautar Ingila. Mutum ne mai son shiga cikin manya, yana kuma da ɗabi'ar tara 'yan mata a gidansa yana sada su da abokansa. Ta biyu ita ce Christine Keeler, wadda aka haifa a 1942. Ubanta ya bar su tun tana ƙarama, ta girma a wani ƙauye kusa da kogin Thames, cikin tsohon taragon jirgin ƙasa da aka mayar ɗakin kwana. Tun tana budurwa ta shigo Landan neman abinci, ta sami aiki a wani gidan rawa a unguwar Soho, a can Ward ya gan ta ya ɗauke ta ta koma gidansa. Akwai kuma wani abokin Ward mai suna Yevgeny Ivanov, hafsan sojan ruwa a ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat, wanda a ɓoye ɗan leƙen asirin ƙasarsa ne.

Ran 8 ga Yuli, 1961, wani attajiri mai sarauta, Lord Astor, ya gayyaci manyan baƙi zuwa gidansa na Cliveden, cikinsu har da shugaban ƙasar Pakistan Ayub Khan, da Profumo da matarsa. Ward yana da wani ɗan gida da yake haya a cikin filin gidan, ya zo hutu da Christine. A bakin tafkin wanka Profumo ya fara ganin ta. Shekarunsa 46, ita kuwa 19. Daga nan suka ƙulla hulɗar da ba ta dace ba, wadda ba ta wuce 'yan watanni ba. Cikin watan Agusta na wannan shekara Sakataren Majalisar Ministoci ya kira Profumo ya gargaɗe shi game da Ward da abokinsa na Rasha, daga baya hulɗar ta mutu.

Da a wani lokaci ne, da watakila maganar ta tsaya nan. Amma zamani ne na yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da ƙawayenta da kuma ƙasashen kwaminis. A watan Agustan 1961 aka fara gina katangar Balin, a Oktoban 1962 kuma saura ƙiris a gwabza yaƙin nukiliya a kan tsibirin Kyuba. A cikin Oktoban nan ne kuma aka ɗaure wani magatakarda na ofishin sojan ruwan Ingila, John Vassall, shekara 18 saboda sayar wa Rasha asiri. A binciken da ya biyo baya aka ɗaure 'yan jarida biyu don sun ƙi faɗin inda suka samo labarinsu, saboda haka jaridu suka ƙullaci gwamnatin Macmillan, suna jiran ranar ramuwa.

Ƙarya a gaban Majalisa

Asirin ya fara tonuwa ta inda ba a zata ba. Ran 14 ga Disamba, 1962, wani tsohon saurayin Christine ya zo ƙofar gidan Ward ya yi ta harbin ƙofar da bindiga. 'Yan sanda suka shigo, 'yan jarida suka biyo su. Christine ta fara magana, tana cewa ta yi hulɗa da Ministan Yaƙi, ta kuma yi da hafsan Rasha. Kafin ƙarshen Janairun 1963 an kira Ivanov ya koma Mosko. Jaridu suna da labari a hannu amma suna tsoron dokar ɓata suna. Da aka zo shari'ar mai harbin cikin watan Maris sai aka nemi Christine aka rasa, ashe ta tafi ƙasar Sifen. Nan fa jita-jita ta cika gari, ana cewa wani babba ne ya ɓoye ta.

A Ingila ɗan majalisa yana iya faɗin abin da ya ga dama a zauren majalisa ba wanda zai kai shi ƙara. Da daren 21 ga Maris, George Wigg na jam'iyyar Leba ya yi amfani da wannan dama ya ce gwamnati ta fito ta ƙaryata jita-jitar ko kuwa ta yi bincike. Cikin daren aka tashi Profumo daga barci, wasu ministoci suka zauna da shi aka tsara jawabi. Kashegari, 22 ga Maris, ya miƙe a gaban majalisa, Macmillan yana zaune kusa da shi, ya ce lalle ya san yarinyar amma babu wani abin ashsha ko kaɗan a tsakaninsu, ya kuma yi kashedi cewa duk wanda ya maimaita zancen a waje zai kai shi kotu. Bai tsaya nan ba, sai da ya kai ƙarar wasu mujallu na ƙasashen waje.

A al'adar majalisar Ingila, in ɗan majalisa ya tashi ya yi jawabi game da mutuncin kansa, ba a yi masa tambaya, ba a kuma yin muhawara a kai, domin an ɗauka mutumin kirki ba zai yi ƙarya a wannan wuri ba. Wannan amana ce Profumo ya ci, kuma ita ce ta kayar da shi, fiye da neman matan. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. 'Yan sanda suka matsa wa Ward da bincike, masu zuwa wajensa magani suka fara janye jiki, shi kuma ya rubuta wa Ministan Cikin Gida da shugaban 'yan hamayya Harold Wilson cewa minista bai faɗi gaskiya ba. Macmillan ya sa a sake duba maganar. Profumo yana hutu a birnin Banis na Italiya ya ga ba makawa, ya faɗa wa matarsa gaskiya, suka juyo gida. Ran 5 ga Yuni, 1963, aka sanar da cewa ya amsa laifinsa, ya ajiye muƙamin minista, ya kuma bar kujerarsa ta majalisa.

Gwamnati ta girgiza. A muhawarar 17 ga Yuni 'yan jam'iyyar Macmillan 27 suka ƙi jefa masa ƙuri'a. Aka naɗa babban alƙali Lord Denning ya yi bincike, rahotonsa ya fito ran 26 ga Satumba, mutane suka yi layi cikin dare don saye, har aka sayar da fiye da kwafi 100,000. Rahoton ya ce babu shaidar cewa wani asirin ƙasa ya fita. Duk da haka a watan Oktoba Macmillan ya sauka bisa dalilin rashin lafiya, bayan shekara guda kuma jam'iyyar Leba ta ci zaɓe da rinjayen kujeru huɗu kacal, bayan shekara 13 tana hamayya.

Wanda ya sha bugu

Babu wata doka da aka gurfanar da Profumo a kanta. Fushin manya da na jama'a sai ya koma kan Stephen Ward. Kwana uku bayan saukar minista aka kama shi, ran 22 ga Yuli aka fara shari'arsa a babbar kotun Old Bailey, ana tuhumarsa da kawalci, watau cin abinci da kuɗin da Christine da ƙawarta Mandy Rice-Davies suke samu wajen maza. Shaidun da aka gabatar sun nuna abin da yake kashe musu ya fi abin da suke ba shi, ga shi kuma yana da sana'arsa mai kawo kuɗi. Amma lauyan gwamnati ya fi ba da ƙarfi ga munin halinsa. Manyan nan da suka ci suka sha da shi, waɗanda ya yi wa magani shekara da shekaru, babu ko ɗaya da ya tako kotu ya yi masa shaidar arziki. Hukumar leƙen asiri ta MI5, wadda ta yi hulɗa da shi tun 1961 game da Ivanov, ita ma ta yi gum.

Da daren 30 ga Yuli, bayan ya ji yadda alƙali ya fara taƙaita shari'ar, Ward ya sha maganin barci fiye da kima. Yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba aka same shi da laifi, ran 3 ga Agusta ya mutu yana da shekara 50. Daga baya manyan lauyoyi da marubuta da yawa sun ce an zalunce shi a wannan shari'a. An kai maganar gaban hukumar da take sake duba tsofaffin hukunce-hukunce, amma a 2017 ta ƙi mayar da ita kotun ɗaukaka ƙara, saboda haka sunansa yana nan a rubuce a matsayin mai laifi. Ba ina cewa Ward mutumin kirki ne ba, domin wanda ya mai da 'ya'yan talakawa abin nishaɗin abokansa ba abin yabo ba ne. Abin lura shi ne shi kaɗai aka zaɓa ya ɗauki kayan mutane da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara arba'in a unguwar talakawa

Yanzu sai mu koma ga Profumo. Mutum mai irin dukiyarsa yana iya barin ƙasar ya koma wani wuri mai daɗin iska ya ƙare rayuwarsa. Yana kuma iya rubuta littafi ya kare kansa ya tona asirin wasu, jaridu su biya shi kuɗi masu yawa. Bai yi ko ɗaya ba. A 1964 ya tafi wani gidan taimakon jama'a da ake kira Toynbee Hall, a gabashin Landan, ya ce a ba shi aiki ko wane iri ne, ba ya son lada. Wani malamin coci, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta ne suka kafa wannan gida a 1884, don ɗaliban jami'a su zo su zauna cikin talakawa su koyar da su su kuma koyi halin da suke ciki. Clement Attlee, wanda ya zama Firayim Minista a 1945, ya taɓa aiki a can yana saurayi. Unguwar kuwa ta matalauta ce da baƙin haure, da can Yahudawa da 'yan Ailan, daga baya mutanen Bangaladesh.

Tsohon Ministan Yaƙi ya fara da wanke kwanuka da goge ban-ɗaki, yana taimaka wa tsofaffi da mashaya. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ga babban amfaninsa shi ne sanin masu kuɗi, ya zama shi ne mai nemo wa gidan gudummawa. Ya zama shugaban kwamitin gidan a 1982, daga 1985 kuma ya zama uban gidan baki ɗaya. Matarsa ba ta rabu da shi ba har ta rasu a 1998, ita ma ta duƙufa wajen taimakon yara masu naƙasa da kutare. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne bakinsa. Fiye da shekara arba'in 'yan jarida suna bin sa, an rubuta littattafai, an yi fim a 1989, bai taɓa fitowa ya ce uffan a kan al'amarin 1963 ba, bai kuma taɓa neman komawa siyasa ba.

Gafara ta zo masa sannu a hankali. A 1975, shekara 12 bayan faɗuwarsa, aka ba shi lambar girma ta CBE saboda aikinsa na taimako. A watan Oktoba na 1995, wajen liyafar cikar Margaret Thatcher shekara 70, aka zaunar da shi kusa da Sarauniya Elizabeth, kowa kuma ya gane abin da ake nufi da wannan kujera. Da ya mutu ran 9 ga Maris, 2006, yana da shekara 91, jaridun da suka yi masa tsirara a 1963 su ne suka cika shafukansu da yabonsa. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Ita kuwa Christine fa?

Lokacin da abin ya fashe shekarunta 21. Jarida ɗaya ta biya ta fam 23,000 don ta ba da labarinta, jama'a suka yi rububin saye, suna karantawa suna tsine mata. A watan Disamba na 1963 aka ɗaure ta wata tara saboda shaidar zur a shari'ar wani mutum da ya daɗe yana bin ta yana musguna mata. Ta yi ƙarya a gaban kotu aka kai ta kurkuku, minista ya yi ƙarya a gaban majalisa ya koma gidansa.

Bayan ta fito kuɗin suka ƙare. Ta yi aure sau biyu, duka ba su daɗe ba. Ta zauna a gidajen da hukuma take ba marasa galihu, ta canja sunanta don ta samu ta ɓace cikin mutane. Ta taɓa samun aikin raba wa yara abinci a wata makaranta, da aka gane ko ita wace ce sai aka sallame ta. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Profumo ya wanke kwanuka aka ce tawali'u ne, aka yaba masa. Christine ta nemi irin wannan aiki don ta ci abinci, aka ce ba ta dace da shi ba. Ana zarginta da cewa ta yi ta sayar da labarinta, tana canja shi daga wannan littafi zuwa wancan, kuma gaskiya ne ta yi haka. Amma wannan labari shi ne kaɗai hajar da duniya ta yarda ta saya a hannunta. Ta mutu ran 4 ga Disamba, 2017, tana da shekara 75. Sai bayan mutuwarta gidan talabijin na BBC ya nuna wani wasa, daga ƙarshen 2019, wanda ya ba da labarin ta fuskarta, mutane suka fara tuna cewa yarinya ce 'yar shekara 19 da ta faɗa hannun maza waɗanda suka haife ta.

Mudun da aka auna da shi

Malamanmu sun karantar da mu cewa tuba tana da sharuɗɗa: mutum ya yi nadama, ya bar laifin, ya ƙudura ba zai koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a kansa ya mayar. Ko da yake Profumo ba Musulmi ba ne, wannan ma'auni yana da amfani a nan. Abin da yake cikin zuciya Allah ne masani, amma a zahiri mutumin nan ya amsa laifinsa da bakinsa, ya mayar wa majalisa kujerar da ya ci amanarta, bai nemi a dawo masa da ita ba. Bai sa wa jama'a ranar da za su yafe masa ba. Wannan ya bambanta shi da shahararrun da suke fitowa su karanta takardar ban-haƙuri yau, gobe su koma fage kamar ba a yi komai ba. Darasi na farko ke nan: gafarar da ta zauna da gindinta ita ce wadda aiki ya jawo, aka kuma ba ta lokaci ta nuna.

Amma sharaɗi na huɗu yana nan. Shirun da aka yaba wa Profumo a kai, shi ne kuma shirun da ya sa bai taɓa fitowa fili ya ce komai ba game da mutumin da ya mutu ko yarinyar da aka ɗaure. Ba shi ya kai su kotu ba, wannan gaskiya ne. Duk da haka kalma ɗaya daga bakin mutumin da ake zaunarwa kusa da Sarauniya da ta rage wa Christine nauyi.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Hanyar da Profumo ya bi hanya ce mai kyau, amma ba kowa yake da guzurin bin ta ba. Wanda zai yi shekara arba'in yana aiki ba lada, sai mai dukiyar gado. Wanda zai yi shiru ya ƙi kuɗin jarida, sai wanda tukunyarsa take kan wuta ko ya yi magana ko bai yi ba. Yana da mata mai daraja da ta tsaya masa, yana da abokan makaranta da na soja da suke jiran ƙura ta lafa su jawo shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi kuwa hannun manyan Ingila ne. Ward ɗan rakiya ne a cikinsu, Christine kuwa 'yar talaka ce, kuma mace. Laifi guda aka yi tare, amma a wajen namiji ya zama tuntuɓen da ya yi sau ɗaya a rayuwarsa, a wajen mace ya zama sunanta har kabari.

Na uku, su kansu jama'a suna da nasu kaso. Su suka sayi jaridun, su suka yi layi don rahoton Denning, su suka taru a ƙofar kotu suna yi wa yarinyar ihu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da suka yafe wa Profumo sun ji daɗin kansu, sun ga su masu karamci ne, domin yafe masa bai tuna musu da wani abin da suka aikata ba. Yafe wa Christine kuwa sai sun fara amsa cewa su ma sun zalunce ta, shi ya sa ya yi musu wuya.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu ne za a sami 'yan jarida da alƙalai da shugabannin gobe, kuma a wannan zamani na wayar hannu da intanet kowane ɗayanmu ya riga ya zama ɗan jarida da alƙali a lokaci guda. Fallasar da ta ɗauki wata shida kafin ta kayar da Profumo, yau kafin la'asar ta gama duniya. Saboda haka in wani mai suna ya faɗi ya tashi, ya kyautu mu karɓe shi in ya nuna tuba ta gaskiya, domin wanda ba ya yafewa shi ma ba zai so a riƙe shi da nasa ba. Amma kafin mu tafa masa, mu tambaya me ya ajiye, me ya mayar, shekara nawa ya jira. Sa'an nan mu waiwaya mu nemi waɗanda suka faɗi tare da shi, musamman mata da marasa galihu, mu ga ko su ma an miƙa musu hannu. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu iya yin adalci ga babba da ƙarami, amin.